Abin da Tauraro Bai Gani Ba a Ƙasar Adar

Tun ban bar Najeriya ba taswira ta fara yi mini gardama. Ina zaune a benci a tashar Illela, wadda ke bakin iyaka a jihar Sakkwato, ina jiran ɗan kabu-kabun da zai tsallaka da ni Birnin Ƙonni, sai na ce bari in gwada wayata. Na rubuta Illela a manhajar OsmAnd. Ta jero mini wadda nake zaune a cikinta, da wadda nake nufin kaiwa a ƙarshen tafiyata, da wasu ƙananan ƙauyuka masu sunan da ban taɓa jin labarinsu ba. Ta Nijar tana can arewa, kilomita saba'in da 'yan kai daga Ƙonni in an miƙe, kuma a allon waya ba abin da ya raba ta da tamu sai ɗan karan da Faransawa suka ɗora a kan wasali, Illéla. Ɗan kabu-kabun ya leƙo, ya ga ina ta dangwale-dangwale.

"Alhaji, nan in ka ce Illela, tamu kake nufi. Waccan sai ka ce Illelar Adar, kowa ya gane."

Abin da ya tashe ni daga Sakkwato saƙon wani ɗan'uwana ne, sakataren wata ƙungiyar manoman rani a bayan Ƙonni. Shekarun baya wani proje ya zo musu, an auna gonakinsu, an bar musu kwamfuta da manhajar taswira ta kuɗi a ciki. Proje ya naɗe tabarmarsa, lasisin manhaja ya mutu, kwamfuta ta ce sai an biya. Taswirar gonakin tana ciki, suna ganin sunan fayil, ba su iya buɗewa. Ya ji ana cewa akwai manhajojin da ba a biya, sai ya ce in zo in duba musu wadda za a koya wa samari, tunda ni ne na yi karatun labarin ƙasa a gidanmu.

Akwai wani bambanci da na sha wahalar fahimtar da shi a waya. Kyauta daban, buɗewa daban. Google Earth kyauta ce, amma girkinta na ɗakin mai ita, ran da ya so ya rufe ƙofa. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka shimfiɗa rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa ya kwafa, ya gyara, ya ba wani, ba mai zuwa gobe ya ce wa'adi ya cika. Irin waɗannan na loda wa tsohuwar kwamfutata: QGIS, wadda Gary Sherman ya fara a 2002, da GRASS da ke tafe da ita, wadda sojan Amurka suka fara ginawa tun 1982 kafin a sake ta ga jama'a. A waya kuma QField da KoboCollect da OsmAnd. Kafin in taso na sauke taswirar Nijar gaba ɗaya ta OpenStreetMap, da hotunan tauraron Sentinel-2 na watanni da yawa, da bayanan tudu da kwari, don na san in na tsallaka sai abin da hali ya yi. A ƙetare ba a cewa sabis, rezo ake cewa, wutar lantarki kuma kuran. Su biyun ne alƙalan jarrabawar da na je yi, na ukunsu yaron da za a koya wa cikin kwana uku.

Iyakar da muka tsallaka cikin 'yan mintoci ita kanta aikin masu taswira ce. A yarjejeniyar Faris ta Yunin 1898, Ingila da Faransa sun kafa tsinin kamfas a kan Sakkwato suka ja baka mai nisan mil 100 daga tsinin, wato kimanin kilomita 160, suka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Ƙonni, da ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, ta faɗa ciki. Wannan bai hana ayarin Voulet da Chanoine afka mata a watan Mayun 1899 ba, suka karkashe mutane suka ƙone gari, abin da har yau ba a manta ba. Daga baya Faransawa suka ga bakan ya tura hanyarsu ta zuwa Damagaram cikin dajin da ba rijiya. Aka sake zama a 1904 da 1906, aka janyo layin kudu, sannan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa da ƙafa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa turakun iyaka, guda 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Rijiya ce ta gyara kamfas. Na riƙa tuna wannan a duk kwanakin da na yi.

Washegari da sassafe muka fita filin noman rani. Gandun Ƙonni yana cikin manyan na Nijar, hekta 2,452, an gina shi a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, ana shayar da shi daga madatsun Mozage da Zango da ke kan gulbin Majiya. Ruwa na biyo doguwar kwata zuwa matarar Cerasa, daga nan a rarraba. Majiya kanta in ta wuce Ƙonni Najeriya take shiga, ta ƙare a tafkin Kalmalo, kusa da Illelar da na baro. Hukumar ONAHA ke kula da gandun tare da ƙungiyoyin manoma, kuma gyaransa ya kasance cikin manyan ayyukan yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta sa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016. Laka ta daɗe tana cike madatsun, shi ya sa da rani ba duka filin ke samun ruwa ba. Gonakin ƙungiyar ɗan'uwana suna gefe, masu rijiyoyi da injin ban ruwa, amma ciwon ɗaya ne: wa ya noma nawa, wa zai biya nawa.

Na ba samari biyu wayoyi. Ɗaya da KoboCollect, ɗaya da QField, kowanne ya zagaye gona guda yana bin kunya. Kobo ta burge ni wajen sauƙi. Tambayoyi ne jere kamar takardar cikewa, sunan mai gona, me aka shuka, ɗauki hoto, zagaya. Yaron da ya iya WhatsApp ya iya ta kafin shayi ya huce, kuma tana aiki ba rezo. Sai dai makauniya ce ga aikin jiya. Yaro ba ya ganin gonar maƙwabci da aka riga aka auna, don haka layinsa kan hau na wani bai sani ba. Kuma in an gama, hanyar da aka saba ita ce a tura bayanan ta intanet zuwa rumbun da ke wata ƙasa, sannan a sake saukowa da su. QField, wadda wani kamfanin Suwizalan mai suna OPENGIS.ch ke ginawa, ta fi wuyar shiri, don sai ka tsara komai a QGIS tukuna. Amma da zarar ka zuba mata, yaro yana riƙe da hoton tauraro da gonakin da aka auna duka a tafin hannunsa, yana iya manna kusurwarsa a kusurwar maƙwabci. Da yamma igiyar caji ta isa a kwashe aikin zuwa kwamfuta, ba a nemi rezo ba ko na sisi. Don ƙidayar rijiyoyi ko jin ta bakin mutane, Kobo zan ɗauka. Don gona mai iyaka da wata gona, QField.

Wayar hannu tana kuskuren mita uku zuwa biyar a fili. A gonar hekta guda wannan ba komai ba ne. A 'yar gonar albasa mai fangali ashirin kuwa, kuskuren ya kusa faɗin gonar. Na gaya wa samarin su daina tunanin waya za ta raba gardamar kunya tsakanin wa da ƙane. Wannan aikin igiya ne da dattawa.

Kuskure mafi muni a ranar ni na yi shi, ba waya ba. Da dare na buɗe QGIS, na jawo hoton bango irin na intanet da na adana, na lissafa faɗin gonaki a kan tsarin shimfiɗar hoton, na karanto wa ɗan'uwana. Ya yi shiru, ya ɗauko tsohon littafinsa, ya ce kowace gona ta yi ƙiba. Gaskiyarsa. Duniya ƙwallo ce, allo kuma faifai, duk wanda zai shimfiɗa ƙwallo a faifai sai ya ja wani wuri. Tsarin da taswirorin intanet ke amfani da shi, na Mercator, yana kumbura fili gwargwadon nisansa da tsakiyar duniya, kuma a daidai Ƙonni, digiri 14 saura kaɗan, kumburin ya kai kashi 6 cikin 100. Mai hekta ɗaya sai a caje shi kuɗin ruwan hekta ɗaya da ɗoriya. Maganin shi ne a koma tsarin UTM, yanki na 31, mai lamba 32631, wanda ya rufe daga digiri 0 zuwa 6 gabas. Ƙonni da Malbaza da Illela duk suna ciki. Madawa tana daf da bakinsa, wanda ya wuce zuwa Maraɗi kuwa ya shiga na 32. QGIS tana da duk wannan, tana ma iya lissafi a kan ƙwallon kai tsaye, amma ba za ta riƙe maka hannu ba. Ta ɗauka ka san abin da kake yi. Na rubuta 32631 da alli a bangon ofishin ƙungiya, na ce kada a goge.

Tsohuwar kwamfutar proje kuwa ba ta ba mu wahala ba. Muka kwafo fayilolin, QGIS ta buɗe su nan take, domin a cikinta akwai wani tafinta mai suna GDAL da ya san kusan kowane irin fayil na taswira. Ɗan'uwana ya ga gonakinsa sun fito a allo bayan shekaru, ya ce, "Ashe dai ƙofa ce aka kulle, kayan na nan." Sai dai kayan sun sha asu. An adana su a tsohon tsarin shapefile, wanda ba ya karɓar kan shafi mai wuce harafi goma. Wanda ya shirya ya so rubuta sunan_mai_gona da sunan_mai_haya, fayil ya datse su, ɗaya ya zama sunan_mai_, ɗaya sunan_ma_1, yanzu sai mai dogon tunani ya faɗi wanne ne mai gona wanne ɗan haya. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma, ƙ da ɗ da ɓ, duk sun koma alamar tambaya. Muka juye komai zuwa GeoPackage, fayil ɗaya tak, wanda ke karɓar Ɗan Ƙane yadda uwarsa ta raɗa masa.

A rana ta uku na yi abin da nake ɗoki tun daga gida, wato in tambayi tauraro inda albasa take. Sentinel-2 na Tarayyar Turai ne, an harba na farko a 2015, na biyu a 2017, suna ratsa wuri ɗaya duk kwana biyar, hotunan kuma kyauta ne. Kowane gurbi a hoton mita 10 ne sau 10, wato gurbi 100 a hekta. Ganye mai rai yana shanye jan haske yana mayar da wani haske da ido ba ya gani, kuma in aka gwama biyun ana samun awon da ake kira NDVI. A QGIS lissafin layi ɗaya ne. Na ɗauki hoton Fabrairu, na ce duk inda ya yi kore a wannan tsakiyar rani ban ruwa ne. Taswira ta fito gwanin kyau. Muka hau babur muka nufi wani kore da ta nuna a jigawa, nesa da fadama, ina cewa mun gano lambun da ƙungiya ba ta sani ba.

Gawo muka tarar. Gawo goma sha wani abu a gonar gero da aka girbe tun kaka, awaki na kwance a inuwa. Mai gonar, wani dattijo da ke gyaran darni, ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya yi dariyar da ta sa na ga sauran haƙoransa.

"Ɗana, shi wanga tauraro naku bai san gawo ba? Icen da ka zubda ganye da damina, ya yi kore da rani? Ko yaro ya sani."

Na ce, "Baba, bai sani ba, sai an gaya masa."

"To ka gaya mishi."

Na gaya masa da dare. Maimakon hoto ɗaya, na jera na Nuwamba har zuwa Mayu. Albasa tana tashi bayan dashe, ta cika kore, ta ɓace lokaci ɗaya in an cire. Mangwaro da bedi ba sa motsi duk shekara. Gawo yana riƙe korensa har ruwa ya kusa sauka. Da wannan layin rayuwa aka raba su, ba da launin rana ɗaya ba. Wasu hotunan Disamba da Janairu kuma dole na zubar, ƙurar hunturu ta dusashe su kamar an shafa musu toka. Duk da haka ƙananan lambunan mata na bakin rijiya, masu yakuwa da salati, ba su kai cika gurbi ba, sun narke cikin yashin da ke kewaye da su. A idon tauraro babu su.

Dattijon nan ya yi mini wata tambayar kafin mu rabu, wadda ta fi ta gawo nauyi. Ya ce wanda ya auna gona, a hannun wa awon zai kwana? Ya ga masu awo iri-iri a rayuwarsa, kuma bayan awo wani lokaci taki ke zuwa, wani lokaci takardar biya. Ban ga laifinsa ba. Manhaja ta zama a buɗe ba ya nufin gonar mutum ta zama a buɗe. Hanya da kasuwa da asibiti da rijiyar gari, waɗannan a sa su a OpenStreetMap duniya ta gani. Sunan mai gona da iyakarsa kuwa na ƙungiya ne da kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta kafa, daga na ƙauye har na gunduma, su ke da hurumin shaida mallaka da shata burtali. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son manhajar da ke aiki da igiya a cikin ɗaki.

Daga Ƙonni muka kama babbar hanyar gabas. A Tsarnawa hanyar Tawa ke ballewa hagu, muka bar ta tukuna, muka miƙe Malbaza. Tun daga nesa ake hango masana'antar siminti, wadda ta fara aiki a shekarun 1960 saboda farar ƙasar da Allah ya binne a wurin, aka kuma gina sabuwa a 2018. A shekarar ce aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a garin. Ramukan haƙar dutsen sun fito fari tas a hoton tauraro, in ka jera na shekaru kana ganin yadda suke cin daji. Irin wannan babban abu mai gefe a yanke shi ne abincin Sentinel.

A nan wata matsala ta fito wadda ba ta manhaja ba ce. Wani matashi ma'aikaci da muka sha shayi da shi ya ce in nuna masa gundumarsu. Na buɗe fayil ɗin iyakoki da na sauko da shi daga intanet, babu Malbaza. Duk yankin an rubuta masa Ƙonni. Fayil ɗin na zamanin gundumomi 36 ne, kafin dokar 2011 ta mayar da su 63, ta yanke Malbaza da Dogarawa daga Ƙonni, ta kuma cire Bagaruwa daga Illela. Duk wanda ya ɗauki ƙidayar 2012 ya zuba a wannan tsohon fayil zai raba mutanen sabuwar Ƙonni a kan faɗin tsohuwa, ya fito da lissafin ƙarya cikin launi mai kyau. Na sami na daidai a rumbun HDX na ofishin OCHA bayan na jira rezo ya kama, na tsaya a wata kusurwar rumfa da hannu a sama kamar mai roƙon ruwa. QGIS ba ta tambayar fayil shekarunsa. Abin da ka zuba mata shi take dafawa.

Galmi mun ratsa ta ne kawai, ta ƙamshin albasa da jerin buhuna a bakin titi, da rudu-rudun ajiya a bayan gari, da asibitin mishan da ke nan tun 1950. A OsmAnd titin da asibitin sun fito daidai. Hanyoyin amalanke da ke kai albasar daga lambu zuwa titi kuwa, waɗanda su ne jijiyar garin, kaɗan ne aka zana. OpenStreetMap, tun da Steve Coast ya kafa ta a 2004, aikin sa kai ce, inda aka sami mai zane nan take cika. Cikin Ƙonni ta yi kauri, da ka bar kwalta sai ta sirance. Gidajen da na'urorin manyan kamfanoni suka zano daga hoton sama sun taimaka, amma na ga inda suka ƙirga rumbuna a matsayin ɗakuna, suka tsallake gidan ƙasa mai soro don launinsa ɗaya da ƙasar da aka gina shi da ita.

Muka dawo Tsarnawa muka hau hanyar Tawa. Daga nan ƙasa ta sauya. Tudun Adar ne, faƙo mai jan dutse, shimfiɗe kamar tire, sai kwatsam ya karye ka gangara kwari mai itatuwa. A Badagishiri na kwana biyu, kuma a nan GRASS ta nuna shekarunta. Muninta a fuska ba a magana, amma ta cikin QGIS ana kiranta ba sai an gaisa da ita ba. Na ba ta bayanan tudu da kwari masu gurbin mita 30, na ce ta nuna inda ruwan sama zai bi. A kan gangaren tudu ta zana ƙoramu kamar ta taɓa kiwo a wurin, muka je muka tarar da kwazazzabai a inda ta ce. A cikin fadama, inda ƙasa ta kwanta, sai ta rikice. Ta ɗauki tudun titi a matsayin madatsa don ba ta ganin kwalbatin da ke ƙarƙashi, ta tara tafki a inda babu. Bayanan SRTM da na fara gwadawa kuwa an ɗauke su ne a Fabrairun 2000, ƙoramar yashi kuma ba ta zama wuri ɗaya shekara ashirin. Na Copernicus, da aka tattara daga 2011 zuwa 2015, sun fi kusa da abin da muka gani. SAGA, wadda wasu ke yabo a wannan aiki, ban ma samu gwada ta ba. Sababbin QGIS sun daina zuwa da mahaɗinta, sai an sauko da shi daban, ni kuma na tuna a inda rezo ba ya ɗaukar ko gaisuwa.

Kuran ma ya yi nasa. Mutanen nan ba su manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Tun daga nan faifan sola ya ƙara yawa a kan rumfuna. Kwamfutata tana yin awa uku in ana zane, in GRASS na lissafi kuwa sai ta sha batir kamar raƙumi a bakin rijiya. Wayoyi su suka fi jurewa, a caje su a rumfar mai caji da 'yan dala.

Illelar Adar tana yamma da titi, garin Sarkin Adar, mai tarihin da ke komawa ga Agabba na gidan sarautar Agadas, wanda Farfesa Djibo Hamani ya bi diddiginsa. Ni abin da ya kai ni ramuka ne. A 1989 wani shirin hukumar IFAD ya ɗauki manoma kaɗan daga nan ya kai su Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a faƙon da ya mutu, a zuba taki, ruwan sama ya taru, gero ya tsiro. Suka dawo suka gyara tasu tsohuwar dabara da ake kira tassa. Cikin 'yan shekaru dubban hektoci na ƙasar da aka yafe suka koma gona, har aka fara saye da sayar da faƙo. A ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya ɗago har mata suka kafa lambuna. Ga rabin-wata kuma, ga jerin duwatsu a kan gangare.

Na tsaya a tsakiyar irin wannan gona da hoton Sentinel a hannuna. Ramin tassa bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, a gurbi ɗaya na tauraro ana iya samun ramuka ɗari. Abin da allo ya nuna mini launin ƙasa ne fayau, irin na faƙon da ba a taɓa sara ba. Hotunan Landsat, da Amurka ta saki kyauta tun 2008, suna komawa baya har shekarun 1970, kuma in ka jera na ƙarshen damina kana ganin tudun yana ƙara duhun ganye a hankali. Amma ba za su ce maka hannu ne ya yi ko ruwan shekara ba. Mai gonar, mace ce mai kimanin shekara sittin da ta gaji wurin daga mijinta, ta nuna mini da sanda inda tassa ta tsaya, inda rabin-wata ya fara, da shekarar da aka sari kowanne, tana lissafi da haihuwar jikoki. Jikan nata ɗaya, ɗan kwaleji, shi na miƙa wa QField. Tana faɗa yana bi yana zagayawa. Da ya zo gurbin sunan wuri ya tsaya, ya ce manhajar Faransanci take yi, ya rubuta yadda ake rubutawa a lakwal, wato makaranta, ko yadda Inna ke faɗi? Na duba jerin harsunan QGIS tun a gida, ban ga Hausa ba, kuma wannan aibi ne da ba mai gyara mana sai mu, tunda ƙofar fassara a buɗe take. Na ce ya rubuta na Inna, na lakwal ya biyo baya a gurbi na biyu. Sai da muka sauya masa allon rubutu kafin ya sami ƙ.

Da na koma Ƙonni na bar wa ɗan'uwana QGIS mai dogon zango, wadda ba a sauya mata fuska sai shekara-shekara, da QField a wayoyi uku, da fayil ɗin GeoPackage a katin waya biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gidan shugaba. Ya dage sai an buga taswirar a takarda, muka je shagon hoto aka buga a shafi huɗu, aka haɗa da salatif. Dattawan ƙungiya suka shimfiɗa ta a tabarma bayan la'asar, suka juya ta har gabas ta dubi gabas, don ba su yarda da arewa a sama ba. Nan take ɗaya ya ɗora yatsa ya ce wannan rijiyar ta rufta tun bara waccan, wani ya ce gonar can an raba ta uku bayan rasuwa. Ƙaramin samarin ya ɗauko biro yana yi wa wuraren alama, ya ƙirga goma sha ɗaya, ya tambaye ni ko babur ɗin zai samu gobe da safe kafin rana ta yi zafi.